Kwanon ruwan kyanwa mai inji: Yadda ake sa masa makunni mai kashe kansa ba tare da haɗari ba

Yawancin ma'aikatan gwamnatin tarayya da ke zaune a Kubwa, Lugbe, Nyanya ko Mararaba sukan bar gida tun da sassafe, ba su dawowa sai bayan magariba. Na hadiman manya ya fi haka, domin tafiyar maigida kan faɗo ba sanarwa, a yi kwana biyu ko uku ba a ga ƙofar gida ba. A gidajen da ake kiwon kyanwa ko kare, wannan yanayi ya sa wasu sun koma amfani da kwanon ruwa mai inji: ma'ajiyar ruwa ce mai cin lita biyu ko uku, da ɗan ƙaramin inji nutse a cikinta, yana tura ruwan sama ya gangaro ta matata.

Raunin wannan kwano ɗaya ne. Ruwan da injin ke turawa shi ne kuma yake sanyaya shi, yake hana sassansa gugar juna. Idan ruwa ya ja baya injin ya ci gaba da juyawa a bushe, sai ya yi zafi ya lalace. A lokacin hunturu, da kuma zafin watannin Maris da Afrilu a Abuja, ruwa na ƙafewa da sauri fiye da yadda mai gida ke zato. Shi ya sa ake neman makunnin da zai kashe injin da kansa. Sai dai wurin da ruwa, lantarki da haƙoran dabba suka haɗu, ba wurin yin aikin ganganci ba ne.

Me ya sa ruwan ke da muhimmanci

Kyanwar gida ta samo asali ne daga kyanwar daji ta busassun yankunan Afirka da Gabas ta Tsakiya, don haka ba ta cika neman ruwa da kanta ba. Likitocin dabbobi sun ƙiyasta cewa tana buƙatar kimanin mililita 50 a kan kowane kilo na nauyinta a kullum, wato kyanwa mai kilo 4 na buƙatar kusan mililita 200, har da wanda take samu a abinci. Busasshen abincin leda kuwa ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, alhali na gwangwani yana kai wa kashi 70 zuwa 80. Ƙarancin shan ruwa na daga cikin abubuwan da ke tsananta ciwon mafitsara, kuma toshewar hanyar fitsari ga muzuru kan yi kisa cikin 'yan kwanaki idan ba a garzaya asibitin dabbobi ba.

A fara da duba irin wutar

Tambayar farko ita ce: wace wuta ce ke shiga cikin ruwan? Wutar bango a Najeriya bolt 230 ce. Wasu injinan ita suke sha kai tsaye, wayarsu daga soket ta zarce cikin kwano. Wasu kuma suna da adafta irin ta cajar waya, wadda ke rage wutar zuwa bolt 5 ko 12 kafin ta isa ruwa. Rubutun da ke jikin adaftar, 5V ko 12V, shi ne shaida.

Idan injin na wutar bango ne, kada a yanke wayarsa, kada a yi mata ƙari, kada a naɗe ta da salatif. Lantarkin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba ya isa ya rikita bugun zuciyar mutum, balle dabbar da ke tsaye da jiƙaƙƙun ƙafafu a kan tayil. Mafita mafi sauƙi ita ce a sauya injin da mai bolt 5, sannan a yi duk wani haɗi a ɓangaren ƙaramar wuta, wato tsakanin adafta da inji. Adaftar ma ta zama ta ƙwarai, domin ita kaɗai ce katanga tsakanin wutar bango da ruwan; jabun caja na bakin titi kan bar wuta ta tsallaka, musamman lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi ko aka juya zuwa janareto.

Soket ɗin da kwanon ke amfani da shi ya kamata ya kasance ƙarƙashin kariyar na'urar RCD mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta cikin ƙasa da rabin daƙiƙa da zarar ta ji tana zurarewa. Sanya ta aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne, kuma hukumar NEMSA ce ke ba da takardar shaidar ƙwarewa ga masu wannan sana'a. Mazaunin gidan haya ko rukunin gidajen ma'aikata sai ya nemi izinin mai gida ko masu kula da wurin kafin a taɓa akwatin wuta.

Makunni iri uku

Na farko shi ne mai bin tsayin ruwa, ɗan'uwan wanda ake sa wa tankin sama don kashe injin rijiyar burtsatse, sai dai ƙarami ne. Zobe ne na roba mai maganaɗisu a ciki, yana hawa da sauka tare da ruwa a jikin ɗan sanda. Idan ruwa ya yi ƙasa, zoben ya sauka, sai wasu siraran harsunan ƙarfe da ke cikin sandan su rabu, wuta ta yanke. Shi kaɗai ne cikin ukun ke kare inji daga bushewa. A yawancinsu, juya zoben kan sauya aikinsa, ya koma kunnawa a inda ya kamata ya kashe, don haka a gwada shi a kofi kafin a ɗaura.

Harsunan nan ba su da juriya. Da yawa iyakarsu rabin amfiya ce, kuma inji mai wat 2 a kan bolt 5 yana jan amfiya 0.4, ya kuma zarce haka lokacin tashi. Idan suka narke suka manne, injin zai ci gaba da aiki kamar ba makunni. Saboda haka ake sa ƙaramin rile a tsakani: makunni ya ba da umarni, rile ya ɗauki nauyin wutar. Akwai kuma wata matsalar. Da inji ya tsaya, ruwan da ke faifan sama yakan koma ma'ajiya, zoben ya ɗaga, inji ya sake tashi, ya sake mutuwa, haka har ya gaji. Maganinta shi ne rile mai riƙewa, wanda ba ya sake kunnawa sai an ƙara ruwa an danna maɓalli.

Na biyu shi ne soket mai agogo, wanda ba ya buƙatar yanke waya ko kaɗan. Amma mai juyawa da wutar bango agogonsa na tsayawa duk lokacin da aka ɗauke wuta, sai lissafinsa ya rikice. Mai batir a ciki ya fi dacewa da unguwannin da wutar AEDC ba ta zama. Kuma ba don tsimin kuɗi ake sa shi ba: inji mai wat 2 da ya yi wata guda yana aiki dare da rana bai ci yunit ɗaya da rabi ba.

Na uku shi ne mai jin motsi, wanda ke kunna ruwa idan dabba ta matso. Yana rage ƙara da dare, amma kyanwa mai tsoro takan guji kwanon da ke tashi ba zato.

Haɗarin da ba a cika lura da shi ba

A wasu kwanonin, da inji ya tsaya sai ruwa duka ya koma ƙarƙashin murfi, inda bakin dabba ba ya kaiwa. Ke nan makunnin da ya ceci inji zai iya barin kyanwa da ƙishirwa, ga ruwa a gabanta. Ɗauke wuta ma haka yake yi. Wasu kan haɗa injin da fawabank, amma da yawansu sukan kashe kansu idan abin da ke jan wuta ya tsaya, ba su farkawa sai an danna. Don haka kwanon ruwa na gargajiya, mai faɗi da nauyin da ba zai kife ba, dole ne ya zauna a wani ɗaki dabam a kowane lokaci.

Sauran ƙa'idojin ba su da wuya. Adafta da rile su kasance cikin rufaffen akwatin roba, a saman bango, nesa da fantsamar ruwa. A bar waya ta lanƙwaso ƙasa kafin ta hau zuwa soket, domin ɗigon da ya biyo ta ya faɗi a ƙasa. A zura ta cikin bututun roba saboda tauna. Idan za a liƙa wani abu a cikin ruwan, a yi amfani da silikon na tankin kifi, ba na banɗaki mai maganin fumfuna ba. A cire filogi kafin a sa hannu. A wanke kwano da zoben duk mako, domin yauƙi kan maƙale zoben, kuma ruwan da ya kwanta mako guda ko fiye ya isa sauro ya hayayyafa.

Gwajin ƙarshe a yi shi ranar Asabar da ake gida: a riƙa kwashe ruwa da kofi har inji ya mutu, a tabbatar ya mutu tun ruwa na rufe da shi, a maimaita sau uku. Wanda zai tafi gida hutun Sallah ko Kirsimeti kuwa, ya bar mabuɗi a hannun maƙwabci ko mai gadi da zai leƙa kullum. Makunni na iya kashe inji, amma ba ya ƙara ruwa, kuma dabbar da aka kulle a gida amana ce a wuyan wanda ya kulle ta.