Kwana a Kan Dutse Cikin Buhu

Duk wanda ya ji labarin Hermann Buhl, mutumin Ostiriya, wanda a shekarar 1953 ya kai ƙololuwar dutsen Nanga Parbat na Fakistan shi kaɗai, dare ya riske shi wajen saukowa, ya kwana a tsaye ba tanti ba mayafi, har sanyi ya ci masa yatsun ƙafa biyu, lalle zai fahimci hikimar buhun nan da mahaya duwatsu ke ɗauka a yau. Yadinsa shara-shara ne, galibi bai kai rabin kilo ba, mutum yakan shige ciki da bargonsa ya rufe.

Fa'idarsa tsare iska da ruwa, domin bisa ƙudurar Allah, duk mita 1,000 da aka hau, zafi yakan ragu da misalin digiri 6. Amma yana da aibi, shi ne tururin numfashi da gumi sukan taru su jiƙa bargo. Saboda haka a ganina wajibi ne a bar wa hanci ƙofa, a kuma shimfiɗa tabarmar soso, don kada ƙasa ta zuƙe ɗumin jiki kafin asuba.