Ya Je Ko Bai Je Ba? Yadda "Will", "Would" da "Should Have" Ke Wasa da Lokaci

Ga wata jimla ta Turanci, ku karanta ta sau biyu: "My brother should have gone to Argungu on Friday." To, ɗan'uwan nan ya je Argungu ko bai je ba? Idan aka jefa wannan tambaya a aji uku na babbar sakandare, ko a Nasarawa cikin Birnin Kebbi ko a Argungun kanta, ba za a rasa masu cewa ya je ba, saboda idonsu ya faɗa kan "gone". Alhali abin da Bature ke nufi shi ne: ya kamata a ce ya je, amma bai je ba.

Irin wannan tarko ne masu tsara jarrabawar WAEC da NECO ke ɗanawa a sashen da ake ba ɗalibi jimla, a ce ya zaɓi fassarar da ta fi dacewa da ita. Haka abin yake a Turancin JAMB. Kuma mun san babu jami'ar da za ta ɗauki ɗalibin da bai samu kiredit a Turanci ba, ko da likitanci ko aikin gona yake son karantawa.

Kalmomin da ke haddasa wannan ruɗani malamai na kiran su "modal verbs". Mataimakan aikatau ne, kuma manyansu tara ne: can, could, may, might, will, would, shall, should da must. Ba a liƙa musu "-s" ko "-ed", ba a kuma sa "to" a bayansu. Wannan ɓangaren mai sauƙi ne, kowa ya haddace shi tun ƙaramar sakandare.

Inda gizo ke saƙar shi ne batun lokaci. An koya mana cewa "could" shi ne shuɗaɗɗen lokacin "can", "would" na "will", "might" na "may". A tarihin harshen haka ne. Amma ku saurari yadda ake amfani da su yau. Wanda ya ce "Could you lend me your ruler?" yanzu yake son rular, ba jiya ba. Wanda ya ce "It might rain tomorrow" maganar gobe yake yi. Siffar ta da ce, amma aikinta ja da baya ne kaɗan: ladabi, ko shakka, ko abin da ake fata kawai. Mu ma muna da irin wannan. Idan yarinya ta ce wa ƙawarta "Da za ki ara mini biro", wannan "da" ba ya nufin shekaranjiya, sassauta roƙo yake yi.

Wani abin sha'awa shi ne Turanci ba shi da wata ɗafa da ake liƙa wa aikatau don nuna lokaci mai zuwa. Aro ya yi daga wasu kalmomi. A tsohon Turanci "will" na nufin so, "shall" kuma na nufin bashi ko wajibi a kan mutum. Daga baya suka zama alamun abin da bai faru ba tukuna. Ita ma "going to" daga tafiya ta samo asali, kamar "za" ɗinmu: ku kwatanta "Za ni kasuwa" da "Zan sayi shinkafa". A darasin Hausa kuma an nuna mana lokaci mai zuwa iri biyu ne, na ɗaya mai "za", na biyu kuma irin na "Ma gani" ko "Kwa sha rana". Ashe tun a gida mun saba bambanta abin da aka ƙudura da abin da ake tsammani.

Wannan bambanci ba a takardar jarrabawa kaɗai yake da nauyi ba. A gidaje da yawa a bakin gulbin Rima, ɗan makaranta ne ke karanta wa mahaifi sanarwar da ta zo da Turanci, kamar hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa duk shekara. Mutanen Kebbi ba su manta da ambaliyar 2020 ba, wadda ta cinye gonakin shinkafa a fadamu. Idan takarda ta ce "The river will overflow", marubucinta ya tsaya kan maganarsa ne cewa gulbi zai yi ambaliya. Idan ta ce "may overflow", mai yiwuwa ne. "Might" ya ɗan fi "may" rauni, ko da yake Turawa da yawa kan musanya su. Ɗalibin da ya fassara wa Baba "may" da "tabbas" ya tsorata shi fiye da kima, wanda kuma ya ce masa "ba komai" ya yi ɓarnar da ta fi wannan.

To idan "could" da "should" da "might" ba su isa su kai mu jiya ba, yaya ake yi? Sai a ƙara "have" da siffa ta uku ta aikatau, irin su gone, seen, written. Nan ne ya kamata mu daɗe, domin kowace kalma da inda take karkata.

"She could have passed" na nufin tana da damar ci, amma ba ta ci ba. "We would have come if it had not rained" shi ne "da ... da" ɗinmu tsaf: da ba a yi ruwa ba, da mun zo. Wato an yi ruwan, kuma ba mu zo ba. "I should have read" kuwa ita ce "da na sani", wadda Hausawa suka ce ƙeya ce. Sai dai a kula, wani lokaci "should have" tsammani take nunawa: "The bus should have reached Jega by now", wato ya ci a ce motar ta isa Jega yanzu. Sauran jimlar ne zai nuna muku wacce ake nufi.

"Must have" ta fi kowacce kayar da ɗalibai. Mun saba "must" na nufin dole. Amma "The fishermen must have left early" ba umarni ba ne. Mai maganar ya iso bakin ruwa ya tarar babu jirage, sai ya yanke cewa lalle masuntan sun yi sammako. Idan dole ta jiya ake nufi, "had to" ake cewa: "They had to leave early." Akwai kuma "needn't have": wanda aka ce wa "You needn't have paid" ya riga ya biya, ana gaya masa ne biyan bai zama dole ba.

Akwai wurin da "would" ke komawa baya ita kaɗai, ba tare da "have" ba, wato wajen ba da labarin abin da aka saba yi. A ce kuna rubuta insha'i kan bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Kuna iya cewa "In those days, my grandfather would carry his gourd and net to Matan Fada." Kaka yakan ɗauki gora da homa ke nan, lokaci sabau amma na da. "Used to" ma za ta zauna a nan. Amma idan zama ko hali ake magana, ita kaɗai ke aiki: "We used to live in Nasarawa" daidai ne, "We would live in Nasarawa" ya sauya ma'ana.

A nan za mu ɗan yi ƙorafi. A katunan biki da sanarwar taro a ƙasar nan muna yawan ganin "The meeting would hold tomorrow", da tunanin "would" ta fi ladabi. Mai maka takarda ba zai yarda ba. Taron da aka tsayar wa rana "will be held" ne. "Would" na shigowa ne idan ana maimaita maganar da aka yi a baya: "The principal said the meeting would be held."

Kada kuma ganin "have" ya sa ku ɗauka kullum an koma jiya. "By June we will have finished the syllabus" tana gaba ne, mai maganar ya tsaya a watan Yuni yana waiwaye. Bahaushe yakan yi wannan da shuɗaɗɗen lokaci kai tsaye: "Kafin ka dawo mun gama." Ku gwada mayar da wannan Turanci, ku kai wa malaminku ya duba: kafin damina ta faɗi, mun girbe shinkafar rani.