Mai Langalanga Ya Riga Ɗan Golf Sanin Aikin Ƙugu

Idan damina ta yi nisa a Kaduna, wajen watan Agusta, ciyawa ba ta jin magana. Daga Barnawa zuwa Narayi, daga Kakuri zuwa Sabon Tasha, kowane filin makaranta da bakin kwalbati sai ka tarar da wani ya duƙa da langalanga yana sara. Wanda ya yi makarantar kwana ya san ta, ya kuma san kantar da take bari a tafin hannu. To, duk mai son gyara bugunsa a wasan golf ya samu gwanin langalanga ya tsaya kallonsa, ya sa ido a kan ƙugunsa.

Gwanin yakan ware ƙafafu, ya ɗan karya gwiwa, ya tura mazaunai baya, ya lanƙwaso daga ƙugu, gadon bayansa a miƙe. Ƙarfen ya tafi ya dawo, kafaɗu na juyawa, amma ƙugun yana nan inda aka ajiye shi. Shi ya sa ciyawar ke kwanciya bai ɗaya. Ɗan koyo kuwa, sara biyu uku sai ya fara miƙewa, ƙugu ya yi gaba, ƙarfen ya shafi kan ciyawa ya wuce. Ya ce bari ya gyara, sai ya caki ƙasa, tsakuwa ta yi tsalle, a yi sa'a idan ba ta samu idon na kusa ba.

Wannan ita ce cutar da ke damun yawancin masu buga golf na sha'awa. Mutum ya tsaya da kyau, ya ɗaga sanda da kyau, amma da ya fara saukowa sai ƙugu ya zabura wajen ƙwallo, ƙirji ya tashi. Hannaye sun rasa hanyar wucewa ke nan, dole su yi dabara a guje. Saukowar sandar kuwa kusan rubu'in daƙiƙa ce, faɗin ƙwallon bai wuce santimita 4.3 ba, ina lokacin dabara? Yau ta tsere dama, gobe ta karkata hagu, jibi a daki kanta ta gangara a ƙasa. Sai ka ji ana zargin sanda, ana cigiyar wanda zai je Ingila ya taho da sabuwa.

Dalilin sau da yawa ba a filin wasa yake ba. Wanda ya wuni a kujerar ofis, ya ƙarasa yini a cunkoson motoci, ƙugunsa da idon sawunsa sun sandare. Nauyinsa yakan koma kan yatsun ƙafa, jiki kuma ba ya yarda ya faɗi, sai ya miƙe don ya tsira. Akwai kuma gurguwar fahimta. Ben Hogan, gwanin golf, a littafinsa na shekarar 1957, ya koyar cewa ƙugu ne ke fara saukowa. Juyawa yake nufi, mutane suka mayar da ita turawa.

Filin golf na Kaduna, wanda aka kafa tun 1921, yana arewa da kogi. Mazaunin kudu sai ya ƙetare gada, kuma ba kowa ke samun sararin yin haka kullum ba. A ganina wannan ba uzuri ba ne, domin maganin ƙugu katangar gida ce.

Ka ba katanga baya, dunduniyarka ta bar ta da kamar faɗin tafin hannu. Ka tsaya tsayuwar bugu har mazaunanka su taɓa ta, ka harɗe hannaye a ƙirji. Idan kai badame ne, juya dama a hankali: ɓangaren dama ya manne, na hagu ya saki. Sannan ka juyo, na hagu ya koma ya karɓi katangar tun na dama bai gama rabuwa da ita ba. A nan aikin yake. Duk sanda ka ji iska tsakaninka da katanga, ka miƙe ke nan, ciyawa ta tsira. Kada ka yi sauri. Juyi 10 a natse sun fi 50 na garaje, don garaje tsohuwar ɗabi'a yake dawo da ita. Da farko za ka ji kamar za ka faɗi ta baya. Wannan jin shi ake nema, alama ce nauyi ya dawo tsakiyar tafin ƙafa.

Mai ƙusumbi wajen tsayuwa ya ɗora sanda a bayansa, ta taɓa ƙeya da tsakanin kafaɗu da ƙarshen ƙashin baya, ya duƙa ba tare da ta rabu da ko ɗaya ba. Idan jiki ya saba, a sa kujera a madadin katanga, a ɗauki gajeriyar sanda a yi rabin bugu, sannan a kawo ƙwallo.

Wuri ɗaya mai langalanga ba zai raka ka ba. Shi a duƙe yake gama aikinsa, kai kuwa a tsaye za ka ƙare, ƙirji yana fuskantar inda ƙwallo ta nufa. Miƙewa ba laifi ba ce, lokacinta ne bayan ƙwallo ta tashi. Wanda ya ƙi miƙewa sam, kwankwasonsa zai biya bashin.

Vijay Singh, wanda ya ci gasar Nigerian Open a 1988 da 1989 kafin ya ci Masters a 2000, an fi saninsa da naci wajen atisaye, kuma wannan nacin ba a sayar da shi a kanti. Sai dai a yi da hankali: wanda ya ji ciwon baya yana sauka masa har ƙafa, ya ajiye sanda ya ga likita kafin ya ci gaba.