Wasan Waya Na "Kyauta": Wa Yake Biyan Kuɗinsa A Gidanki?



Kwanakin baya, bayan mun tashi daga ajin matan aure, wata ɗalibata ta tsaya har kowa ya watse, sannan ta miƙo min wayarta ta ce, "Malama, don Allah duba min, ina jin 'yan damfara sun shiga asusuna." Kuɗin da take tarawa na zubin adashi ne suke ta raguwa, yau dubu ɗaya, jibi dubu biyu. Da muka bi saƙonnin banki ɗaya bayan ɗaya, sai muka ga duk wuri guda ake tura su, kuma duk cikin dare, bayan ta kwanta. Ashe ɗanta ne mai shekara 12. Shi take ba wayar ya tura mata kuɗi idan za ta biya mai kayan miya, don haka ya haddace lambar sirrin, yana sayen "lu'ulu'u" na cikin wani wasa daga hannun masu sayarwa. Ta dube ni ta ce, "To Malama, ba cewa ya yi wasan kyauta ne ba?"

'Yar'uwa, wannan tambayar tata ita ce za mu tattauna yau, domin uwar da ta gane yadda waɗannan wasanni suke samun kuɗi, ta fi ƙarfin a yi mata wayo a cikin ɗakinta.

Daga macijin Nokia zuwa yau

Da yawanmu mun tuna wasan maciji da Nokia ta fara sakawa a wayoyinta a 1997, wanda muka sani bayan wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. Shi wannan a cikin wayar ya zo, ba ya neman data, ba ya neman kobo, idan macijin ya ciji jelarsa shi ke nan an tashi. Na yanzu ba haka suke ba. Ɗauki Free Fire, wanda kamfanin Garena na ƙasar Singafo ya fitar a 2017. Mutum 50 ake zubawa a tsibiri guda ta intanet, su yi ta harbin juna na kamar minti goma har a samu wanda ya rage. PUBG Mobile da ya fito a 2018 mutum 100 yake haɗawa. Saukar da su kyauta ne, amma masu su suna da ma'aikata da manyan kwamfutoci da suke aiki dare da rana. To a ina suke mayar da kuɗinsu?

Ƙananan wasanni da talla suke ci. Duk tallar da ta faɗo wa yaro, an biya mai wasan, kuma ba ke kika zaɓi abin da za a nuna masa ba. Manyan kuwa da ciniki suke ci, suna sayar da riga da takalmi da adon bindiga na ɗan mutumin da yaro yake sarrafawa. Ba za a ce masa naira kaza ba, sai a ce ya fara sayen lu'ulu'u ko tsabar zinariyar wasa, sannan ya yi sayayya da su. Kin ga da haka ba zai ji zafin fitar kuɗin ba, domin a idonsa duwatsu ne masu ƙyalli. Ga gori na abokai ga wanda bai sayi komai ba, ga 'yar kyautar kullum da ake ba wanda ya leƙo, don ya ji asara ce ya kwana bai shiga ba.

Mafi muni shi ne akwatin sa'a. Yaro zai biya kuɗi a buɗe masa akwati, bai san abin da ke ciki ba, ko ya dace ko ya tashi a tutar babu, sai ya sake biya. Idan kin ce wannan ya yi kama da caca, ba ke kaɗai kika gani ba. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatuna da ake saye da kuɗi caca ne a dokar ƙasar.

Iyayen wasu ƙasashe ma sun koka

Kada ki ɗauka rashin boko ne ya jawo wa ɗalibata. A Amurka, inda ake ƙirƙirar da yawa daga waɗannan abubuwa, hukumar kare masu saye ta FTC ta sa kamfanin Apple ya amince a 2014 zai mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5, Google kuma dala miliyan 19, saboda sayayyar da yara suka yi a cikin wasanni ba da izinin iyayensu ba. A watan Disamba na 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince da biyan dala miliyan 520. Miliyan 275 tara ce kan tattara bayanan yara 'yan ƙasa da shekara 13 ba da sanin iyaye ba, miliyan 245 kuma na mayar wa mutanen da aka ja su sayen abin da ba su yi niyya ba. Cikin ƙorafin hukumar har da barin ƙofar hira a buɗe, ta murya da ta rubutu, yara suna cuɗanya da manyan da ba su sani ba. Ƙasar Sin kuwa a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu.

Ita ma wayar tana biya

Kina yawan ganin wayarki ta yi nauyi, ko ta ce memori ya cika? Waya tana da wurin ajiya iri biyu. Akwai babban, wanda za ki ga an rubuta 32GB ko 64GB, shi kamar rumbu yake, nan hotuna da manhajoji suke zaune. Akwai kuma RAM, mai 2GB ko 3GB ko 4GB a ƙananan wayoyi, shi kamar faifai yake, abin da ake aiki da shi yanzu-yanzu kaɗai yake ɗauka. Babban wasa guda yana iya cinye giga da dama a rumbu, yana ƙaruwa duk lokacin da aka sabunta shi, sannan idan an kunna shi ya mamaye faifan. Shi ya sa WhatsApp ɗinki da kike sana'a da shi yake tsayawa cak.

Sai zafi. Wasa yana sa injin waya aiki tuƙuru, caji ma yana kawo nasa zafin, idan aka haɗa su biyun batir ne yake shan wahala, domin zafi shi ne babban abin da ke rage masa kwana. In kin ga bayan wayar ya ɗaga ko gilashin ya fara ɓamɓarowa, batirin ya kumbura. Ki daina sa ta a caji, kada a danna ta, kada a huda, a kai wa mai gyara ya canza.

Ki kuma lura da wasannin da yara suke tura wa juna ta Xender, waɗanda ake cewa an "fasa" su, wai komai na ciki kyauta ne. Ba wanda ya tantance su, kuma ta irin wannan hanya ake cusa manhajar da take leƙen saƙonni da lambobin sirri. Wayar da asusun bankinki yake ciki ba wurin gwajin irin waɗannan ba ce. Araha ba ta ado.

Yaushe wasa yake zama ciwo?

Ba duk yaron da yake wasa ne ya lalace ba, wasu wasannin ma suna koyar da lissafi da haƙuri da tsara tunani. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta, wanda ya fara aiki a 2022, amma ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa abin yake kaiwa haka. Alamu uku ta bayar: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, sannan ya ci gaba duk da yana ganin illar, kuma yawanci sai hakan ya kai wata 12 yana cutar da karatu ko zaman gida. Mu malamai mukan riga iyaye gani: yaro mai kaifin hadda ya koma gyangyaɗi a aji, ido ja wur. Game da ƙanana kuma, shawarar hukumar ta 2019 ita ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Abin da za ki iya yi tun yau

Ki canza lambar sirrin bankinki, kuma ki koyi tura kuɗi da kanki, ko da sau goma za a nuna miki. Ki shiga saitin Play Store ki kunna neman izini kafin kowace sayayya, ki kuma kunna kulawar iyaye. A ƙarƙashin sunan kowane wasa akwai shekarun da aka ware masa, 3+, 7+, 12+, 16+ ko 18+, ki duba kafin a sauke. Idan yaron yana da wayarsa, manhajar Family Link ta Google kyauta ce, daga wayarki za ki ƙayyade masa awanni, ki rufe tasa da dare, kuma ba zai sauke komai ba sai kin amince. Masu iPhone suna da Screen Time. Ki shiga saitin wasan ki kashe hira da baƙi. Waya ta kwana a ɗakinki, kuma ku haɗa baki da maigida, kada ki hana shi kuma ya bayar.

Abin da ya fi duka, ki zauna kusa da yaron ki ce, "Zo ka nuna min yadda ake yi." Cikin minti goma za ki ga da wa yake magana, me ake tallata masa, me yake sha'awar saye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya saba nuna wa uwarsa ba ya saurin ɓoye mata.

Ita ɗalibar tawa ba ta doke shi ba. Ta zaunar da shi gaban babansa suka lissafa kuɗin tare, naira bayan naira, har ya ga lu'ulu'un nasa ya kai kuɗin cefanen kwanaki. Yanzu yana biya kaɗan-kaɗan daga kuɗin kashewarsa, wasa kuma sai Asabar da Lahadi, a tsakar gida inda kowa yake gani. Ranar da ta fara tura kuɗi da hannunta, ni ta fara kira ta faɗa wa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon sauke amanarsu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.