Yadda neman fanshe asara ya durƙusar da bankin da ya shekara 233

A ranar 23 ga Fabrairun 1995, saura kwana biyu ya cika shekara 28, Nick Leeson ya bar takardar neman afuwa a ofishinsa da ke Singafo, ya tsere. Bayan kwana uku, Barings, bankin Ingila da aka kafa tun 1762, ya durƙushe. Asarar da Leeson ya jawo masa ta kai fam miliyan 827.

Abin ya faro ne daga ƙaramar ɓaraka. A cewar Leeson, wata ma'aikaciyarsa ce ta yi kuskuren fam 20,000, shi kuma ya ɓoye shi a wani asusu mai lamba 88888, da niyyar cike gurbin kafin manyansa su farga. Da yake shi ne ke cinikin kuma shi ne ke kula da lissafin, babu mai duba shi. Duk asarar da ya ƙara tafkawa, can yake tura ta, sannan ya ƙara yawan kuɗin da yake zubawa. Zuwa ƙarshen 1994 ramin ya haura fam miliyan 200.

Sai girgizar ƙasa ta afka wa birnin Kobe ranar 17 ga Janairun 1995, kasuwar hannayen jarin Japan ta rikito. Maimakon ya janye, Leeson ya shiga saye babu ƙaƙƙautawa, yana sa ran farashi zai farfaɗo. Bai farfaɗo ba.

Masana halayyar ɗan'adam sun san wannan ciwo tun kafin Leeson. A 1979 Daniel Kahneman da Amos Tversky suka nuna cewa zafin rasa kuɗi ya fi daɗin samun irinsa, kuma binciken da suka yi daga baya ya ƙiyasta bambancin da kusan ninki biyu. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, mutum yakan yi taka-tsantsan idan yana kan riba, amma da zarar ya ga asara sai ya fi yarda ya yi kasada, muddin akwai ɗan fatan komawa inda yake. Sayarwa a kan faɗuwa na nufin amsa cewa an yi kuskure, zuciya kuwa ba ta son hakan.

Matashin da ke cinikin kirifto ko canjin kuɗaɗen waje a wayarsa ya san wannan hali. Jari ya yi ƙasa da daddare, barci ya ƙaurace, sai ya janye umarnin da ya kafa na rufe ciniki idan faɗuwa ta kai wani mataki, ya ƙara zuba kuɗi, wani lokaci ma na aro. A daidai lokacin ya daina kallon kasuwa, adadin da ya rasa kawai yake gani. Lissafi ma ba ya bayansa: wanda Naira 100,000 ɗinsa ta koma 50,000 ya faɗi da kashi 50, amma sai ya ci ribar kashi 100 kafin ya dawo daidai.

Shi ya sa gogaggun 'yan kasuwa ke yanke iyakar abin da za su iya rasawa tun kafin su shiga ciniki, lokacin da hankali ke kwance, wasu kuma su rufe na'ura gaba ɗaya idan asarar yini ta kai wannan iyaka. A manyan bankuna, wani mutum daban ne ke riƙe da wannan linzami, abin da Barings bai tanada ba a Singafo.

An kama Leeson a filin jirgin sama na Frankfurt, kotun Singafo ta ɗaure shi shekara shida da rabi, aka sake shi a 1999. Shi kuwa Barings, kamfanin ING na ƙasar Holan ya saye shi a kan fam ɗaya.