Ko Kun Sani? Makantar Fuska

Akwai masu ido garau waɗanda ba sa gane fuska, wani lokaci har ta mahaifiyarsu. Likita Bajamushe Joachim Bodamer ya yi bayanin wannan larura a 1947. Mai ita yana ganin ido, hanci da baki sarai, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta haɗa su ta gane wane ne. Sai ya dogara da murya, salon tafiya ko tabo a kumatu. Wasu da ita aka haife su, wasu rauni a ka ne ya jawo. Abin tausayi, sukan wuce ɗan'uwa ba gaisuwa, a zarge su da girman kai. Likita Oliver Sacks, wanda ya yi fama da ita a lokacin rayuwarsa, yakan kasa gane kansa a madubi.