Guguwar rana: shin tana iya cutar da lafiyarka?

A ranakun 10 da 11 ga Mayun 2024 duniya ta fuskanci guguwar rana mafi ƙarfi tun shekarar 2003. Duk lokacin da irin wannan labari ya fito, saƙonni kan yaɗu a WhatsApp cewa a kashe waya, masu ciki kada su fita, masu ciwon zuciya su yi hattara. Gaskiyar magana ita ce wanda ke tsaye a doron ƙasa yana da kariya biyu masu ƙarfi daga wannan guguwa. Abin da ya fi cancanta a kiyaye shi ne ranar da muke shiga kullum.

Mene ne guguwar rana?

Rana tana da zagaye na kimanin shekara 11, inda takan lafa sannan ta tsananta. Idan ta tsananta, fashewa kan auku a fuskarta, abubuwa iri biyu su fito. Na farko haske ne mai ƙarfi, har da irin hasken eksire da ake ɗaukar hoton ƙirji da shi. Yakan keto tazarar kilomita miliyan 150 ya iso cikin minti 8. Na biyu wasu ƙananan ƙwayoyi ne masu ɗauke da cajin lantarki, waɗanda galibinsu kan iso bayan kwana 1 zuwa 3.

Yadda garkuwar maganaɗisu ke aiki

Kimanin kilomita 2,900 a ƙarƙashin ƙafafunmu akwai narkakken ƙarfe da ke motsi ba tsayawa. Wannan motsi ne ya mayar da duniya tamkar wani ƙaton maganaɗisu, wanda ƙarfinsa ya kai kimanin kilomita 60,000 a sama ta ɓangaren da ke fuskantar rana. Ƙwayar da ke ɗauke da caji ba ta iya ratsa shi kai tsaye, sai ya lanƙwasa hanyarta. Saboda haka yawancinsu kan kewaye duniya su wuce, kamar yadda ruwan rafi ke kewaye dutse.

Kaɗan daga ciki kan sulale ta ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya, inda garkuwar ke da kafa. Su ne ke haddasa hasken nan kore da ja da ake gani a sararin Norway da Kanada. Ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, irin su Najeriya da Nijar da Ghana, suna cikin yankin da wannan kariya ta fi ƙarfi.

Amma maganaɗisu ba ya tare haske. Hasken eksire da ke fitowa daga fashewar, iskar da ta lulluɓe duniya ce ke shanye shi tun daga can sama. Duniyar Mars ta rasa garkuwarta ta maganaɗisu kimanin shekara biliyan 4 da suka wuce, iskarta kuma ba ta da kauri, shi ya sa radiyeshin ke cikin manyan matsalolin tura mutum can.

Nawa ne ke isowa jikinmu?

Ana auna radiyeshin da jiki ya sha da ma'aunin milisibat. A matsakaici mutum yakan sha kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da abinci da sararin samaniya, kuma kimanin 0.4 ne kawai rabon samaniya. Hoton ƙirji guda yana kai kimanin 0.1. 'Yan sama jannati da ke zama a tashar sararin samaniya kuwa sukan sha 80 ko fiye cikin wata 6, domin sun fita daga lulluɓin iska.

Tambayoyin da aka fi yi

Mai ciki: guguwar rana ba ta taɓa jaririn da ke ciki. Ta ci gaba da harkokinta da zuwa awo.

Mai na'urar daidaita bugun zuciya: ƙarfin maganaɗisun duniya bai kai na ɗan maganaɗisun da ake liƙawa a ƙofar firji ba, kuma guguwa ɗan ƙaramin sauyi take yi masa. Abin kiyayewa shi ne maganaɗisun da ke kusa da jiki. Kada a sa waya a aljihun ƙirji, a bar tazarar santimita 15 tsakaninta da na'urar, kuma a sanar da likita kafin a shiga na'urar MRI.

Matafiyi a jirgin sama: radiyeshin ya fi yawa a sama, musamman a hanyoyin da ke bi ta ƙuryar arewa. Tafiya daga Kano zuwa Jidda ba ta kai hoton ƙirji guda ba.

Kayan lantarki: nan ne guguwar ke yin ɓarna. A ranar 13 ga Maris 1989 ta katse wutar lardin Quebec na Kanada har awa 9. Mai ajiye insulin a firji ko mai amfani da na'urar iskar oksijin a gida ya tanadi mafita domin ɗaukewar wuta, ko da guguwa ko babu.

Abin da garkuwar ba ta tarewa

Hasken UV ba ruwansa da maganaɗisu. Iskar ozon na tare mafi haɗarinsa, amma sauran yana isowa kullum, kuma ya fi ƙarfi a yankinmu. Shi ne ke ƙona fata, ya ƙara haɗarin yanar ido, ya jawo kansar fata. Zabiya su ne suka fi shiga haɗari, domin fatarsu ba ta da isasshen sinadarin melanin da ke ba da kariya.

A rage shiga rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. A sa malfa mai faɗi da riga mai dogon hannu da tabarau mai tare UV. Zabiya su riƙa shafa man kariya mai lambar SPF 30 ko sama, tun suna yara. Kada a kalli rana kai tsaye, ko da lokacin husufi.

Yaushe za a ga likita?

A je asibiti idan gyambo a fata ya wuce mako 4 bai warke ba, ko wani tabo yana girma, yana sauya launi ko yana zubar da jini, ko gani ya fara dusashewa. Ciwon ƙirji, bugun zuciya ba bisa ƙa'ida ba, ko suma, kada a ɗora su a kan guguwar rana. A garzaya asibiti nan take.